Tsagar da Wanzami Bai Ƙarasa Ba

Kafin in shiga bayanin tafiyar, wajibi ne in shimfiɗa wa mai karatu inda na samo abin da za ni faɗa, domin ya san wurin da zai dogara da ni da kuma wurin da zai yi taka-tsantsan.

Madogarata huɗu ce. Ta farko kakata ta wajen uba, Kulu, wadda ta rene ni a Tsamaye, wadda kuma take zaune a Sabon Birni tun da zaman ƙauye ya gagara. Ta biyu Saje Lamidi, tsohon soja, Bayarabe, makaho, wanda na ishe a Ilori. Ta uku wani dattijo mai suna Pa Birema a wani ƙauye na gabashin Saliyo. Da tafinta na yi magana da shi, saboda haka kalmomin da na sa a bakinsa sun ratsa harsuna biyu kafin su zama Hausa. Ta huɗu idona. Ita kaɗai nake iya rantsuwa a kanta, ita ce kuma ta ga mafi ƙaranci.

Al'amarin ya auku a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da aka kai sojojin Najeriya yaƙin Saliyo. Ban san wata ba, balle rana. Lamidi ya ce da damina ne. Pa Birema ya ce shinkafar tudu ta soma fitar da kai. Kaka ta ce saƙon ɓatan mahaifina ya iso ta ana girbin gero. Maganganun uku ba su saɓa wa juna ba, amma rashin saɓani ba hujja ba ne. Sunan ƙauyen kuwa da gangan na ɓoye shi.

Abin da babu jayayya a kansa shi ne wannan. Gobirawa biyu ne a cikin ƙaramin rukunin sojojin ƙasa da Lamidi yake ciki: mahaifina, Kofur Nomau na Tsamaye, da Labbo, mutumin Turba ta ƙasar Isa. Dukansu ba su dawo ba, dukansu kuma an ce sun ɓata a fagen fama. Ɗaya daga cikinsu ya goyi wani da aka raunata ya ƙetare kogi da shi, sa'an nan ya koma shi kaɗai ya tare maƙiya har mutane suka tsira. Ɗayan babu wanda ya san abin da ya same shi. Mutanen Tsamaye sun ce Nomau ne jarumin, mutanen Turba sun ce Labbo ne. Da yake jarumin ɗaya ne, kowane ɓangare ya ga ba zai tsayar da nasa ba sai ya ce na wancan gudu ya yi. Ina goye aka kawo saƙon. Na girma ina ɗan jarumi a garinmu, ina kuma ɗan wanda ya yar da bindiga duk ranar kasuwar Isa.

Bayan na kammala digiri a fannin tarihi, na je gaida Kaka a ɗakin da wani ɗan'uwa ya ba ta aro. Ta dube ni da idon da ya soma yin yana, ta ce, "Maigidana, an ce ka gama karatun labarin mutanen da sunka mutu. To, naka mamacin hwa?"

Mahaifina ɗan farinta ne, don haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, ko "ubanka". A wannan rana ta faɗa mini abin da ta ɓoye.

Tsagar gidanmu shida ce a kuncin dama, bakwai a hagu, daga gefen baki zuwa kunne. Na ji wasu gidajen sun ɗan bambanta, amma gidan su Labbo irin tamu suke yi. Kaka ta ce, "Ranar da wanzami yaz zo, ina ɗaka. Ɗan hwari na, ba a son uwa ta nuna ta san da shi. Nij ji kuka, nij ji kuka, har kukan yad daina hita. Sai nig ga kaina tsakar gida, na hizge shi daga hannun gwaggonai. Aska tana kan ta bakwai. Ba a ƙarasa ta ba, ta tsaya rabin kunci. Anka shekara ana yi min waƙar rashin kunya bakin rijiya." Ta ƙara da cewa, "Duk Gobir babu mai irin ta. In an ruhe shi, wanda yar ruhe shi ya gani. Ina son in san ko an yi mishi salla, kahin in tahi in ishe shi."

Wannan guntuwar tsaga ita ce duk guzurin da na fita da shi.

A kan motar albasa ta wani ɗan kasuwar Burkusuma na sauka Ilori. Na sami Saje Lamidi zaune a barandar gidan ɗansa, da baƙin tabarau da sanda. Da aka ce masa ɗan Nomau ne, sai ya miƙo hannu ya shafa fuskata daga kunne zuwa kunne. Ni ba a yi mini tsaga ba; a zamaninmu an soma dainawa.

Ya ce da Hausarsa ta bariki, "Kai! Wane irin Bagobiri ne wannan, fuska sumul kamar ƙwai? An kawo min bawan jabu!"

Tsakanin Gobirawa da Yarabawa akwai tsohon wasa. Kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa, kuma wanda aka tsokana bai rama ba ya ba da kunya. Ni ba gwanin raha ba ne, amma na yi ƙoƙari. Na ce, "Saje, mun daina ne don kada bayinmu su riƙa gane mu a hanya suna roƙon goro."

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce, "Bakin ubanka ne. Zauna."

Ga abin da ya faɗa, yadda na iya riƙe shi.

"Daji ne da rana ba ta taɓa ƙasarsa. Ku mutanen rairayi kun saba hango maƙiyi tun yana nesa. Can kuwa sai ka ji warin tabarsa kafin ka gan shi. Bayin nan nawa biyu sun tsani dajin. Ubanka yakan ce wannan ba daji ba ne, ɗaki ne mara ƙofa. Labbo kuwa kullum yana neman inda zai ga sama ya san lokacin salla. Dogaye ne su biyun, sirara, in sun sa hular kwano ko uwarsu sai ta duba sau biyu.

"Ran nan mun tattaro mutanen wani ƙauye, mata da yara da tsofaffi, za mu ƙetare kogi da su. Ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Muna bakin ruwa suka buɗe mana wuta daga cikin ganye. Wani abu ya fashe a gabana. Idona ya tafi a nan. Kunnena ya toshe, babu abin da nake ji sai wani dogon kuka kamar na gyare. Na kwanta ina kalmar shahada. Sai na ji an ɗaga ni an saɓa a baya. Na ji ruwa a gwiwa, na ji shi a ƙugu, na ji shi a ƙirji. Na lalubo abin riƙewa, hannuna ya faɗa kan fuskar mutumin. Na ji layi-layi a ƙarƙashin tafina. Na ce, to, ɗaya daga cikin bayina ne. Na ɗaga murya, ko ni ban ji ta ba, na ce, 'Yauwa! Aikin bawa ke nan, goyon ubangidansa. Bi a hankali kada ka jiƙa min wando.' Ban ji amsarsa ba. Amma ƙirjina yana kan bayansa, na ji bayan yana girgiza. Dariya yake yi, yaro. A tsakiyar kogi, harsashi na zuba."

Sauran labarin a asibiti aka ba shi. Waɗanda ke wancan gaci sun ce mutumin ya ajiye shi, ya kwashi jigidar harsashi, ya sake faɗawa ruwa, ana yi masa tsawa ya dawo bai waiwaya ba. Ya shige tsakanin saiwoyin wani ƙaton rimi. Daga nan bindigarsa ta yi ta magana har mutum na ƙarshe ya ƙetare, ta ci gaba har yamma, sa'an nan ta yi shiru. Wasu sun rantse Nomau ne, wasu sun rantse Labbo ne. Fuskarsa duk laka ce.

Na tambaye shi wane kunci ya taɓa. Ya ce hannunsa na hagu ya karye yana lilo, da dama ya riƙe. Na ce hannun dama yana iya faɗawa kuncin dama, yana kuma iya zagayowa ta ƙarƙashin haɓa ya kama na hagu. Ya ce bai sani ba. Sai na roƙe shi abin da har yau nake jin nauyinsa: ya bari in goye shi mu gwada.

Ya yarda. Na durƙusa, ya hau, na miƙe da shi a tsakar gida, surukarsa tana kallonmu baki buɗe. Hannunsa ya sauka a kuncina na dama. Na yi taku kaɗan na yi tuntuɓe, hannun ya zame ya kama na hagu. Gwajin bai nuna komai ba. Ina shirin sauke shi ya ce a kunnena, "Bawa ɗan bawa, bi a hankali." Daga nan sai na ji wuyan rigata yana jiƙewa.

Ya ba ni sunan kogin yadda ya tuna shi, da sunan babban garin da ya fi kusa, Kenema.

Daga Legas na bi gaɓar teku a wata motar albasa: Kwatano, Lome, Akara, Abijan. Kowace iyaka da irin nata wulaƙanci, kuma takarduna cikakku ba su taɓa rage mini ko ɗaya ba. Sai ma na lura mai takarda ya fi daɗewa a kan benci, domin shi yana gardama. A Abijan aka sauke albasa ta ƙarshe, aka sauke ni tare da ita. Na kwana biyu a tasha ina cin garin rogo da kifi, cikina yana ƙi. A nan na hango wata mata tana dama fura a gindin katanga, da tsaga a kumatunta. Na tsaya na ce, "Wagga hura ta gero ta?" Ta ɗago da sauri. Mutuniyar Tsibiri ce ta Nijar. Ta dama mini har sau biyu, ta ƙi karɓar komai, ta ce, "Ɗan Gobir, ina za ka da wagga rama?" Na faɗa mata. Ta ce Allah shi sa in ishe abin da za ni iya ɗauka. A lokacin na ɗauka addu'a ce irin ta kowa.

Laberiya jar laka ce da babur. A nan na soma fahimtar maganar mahaifina. A ƙasarmu in ka tsaya a bakin gona kana ganin inda sama ta haɗu da ƙasa ta ko'ina. A can kore ne ya rufe ka dama da hagu da bisa, iska tana da nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, tufafi ba sa bushewa. Na yi kewar abubuwan da ban taɓa sanin ina so ba: ƙaiƙayin gero a wuya, kukan jaki, ƙarar turmi da hantsi. Zazzaɓi ya kama ni tun kafin in shiga Saliyo.

A Kenema wani mutum mai suna Ɗanjuma ya tare ni a ƙofar masallaci. A can aka haife shi, amma kakanninsa fataken goro ne, Hausarsa tana da daɗi, ni kuwa na yi makonni ban ji ta ba. Ya kai ni ɗakinsa, ya ba ni shayi, ya kira ni ƙanensa. A jami'a an koya mana kada ka sa wa mai shaida amsa a baki. Na san wannan kamar Fatiha. Amma kafin shayin ya huce na faɗa masa komai, har guntuwar tsagar.

Bayan 'yan kwanaki ya ce an dace. Ya ɗauke ni a babur zuwa wani ƙauye, ya nuna mini kabari, ya kawo wani mutum. Mutumin ya ɗaga yatsa ya ja gajeren layi a kuncinsa na hagu, ya tsaya a rabi. Na durƙusa na yi kuka, na yi addu'a, na ba su abin da suka nema na wahala da na sadaka.

Da na share ido na ce a kai ni kogin. Aka nuna mini wani rafi da akuya za ta tsallake. Na ce ina rimin? Aka ce an sare. Na ce ina kututturen? Ɗanjuma ya ce, "Haba ƙanena, ka samu ubanka, me kuma kake tono?" Na koma na dubi kabarin da kyau, na dubi inda rana take, sai na ga ba a daidaita shi da alƙibla ba. Kashegari na wayi gari babu Ɗanjuma, babu wayata, babu jakata.

Dole in rubuta cewa na yi tunanin komawa gida da wannan kabarin. Na ga mutum ya ja layin da idona. Ba ƙarya za ni yi ba in na ce na gani. Kaka za ta mutu da sanyin zuciya. Tunanin ya zauna tare da ni tsawon jinyata, kuma ban kore shi da sauri ba.

Wanda ya yi jinyar wani Bafillace ne mai kanti, Mamadu Jallo, mutumin ƙasar Gini. Ya gan ni ina rawar ɗari a kan dakalinsa, na gaishe shi da 'yar Fillancin da na koya wurin makiyayan da ke sauka gonarmu bayan girbi. Fillancinsu ya bambanta da na wajenmu, amma gaisuwar ta isa. Ya shimfiɗa mini tabarma a bayan buhunan shinkafa, ya sayo magani, da na warke ya ce in tsaya ina auna gishiri da mai. Na yi wata da watanni a wannan kanti. Mutanen ƙauyuka suna zuwa sayayya, ni kuwa ina tambayarsu abu ɗaya, ba tare da na ambaci tsaga ba: ko sun san inda wani soja ya tare kogi shi kaɗai? Yawancinsu ba sa son zancen yaƙin. Wasu sun rasa hannu a cikinsa. Na daina tambayar irin waɗannan.

Wata rana wata mata mai suna Hawa, malamar firamare, ta ajiye gishirinta ta ce, "Goron soja kake nufi? A ƙauyen uwata yake."

Ita ta raka ni, ita ta yi mini tafinta. Mun yi babur, mun yi ƙafa. Tun kafin in ga kogin na ji shi. Faɗinsa ya yi daidai da labarin Lamidi. A gacinsa ga rimin nan tsaye, saiwoyinsa sun fi ni tsawo, sun yi kamar bangayen ɗaki, jikinsu duk tsofaffin ramuka da ɓawo ya rufe rabi. Na sa yatsana a ɗaya. Kusa da shi akwai bishiyar goro, an share gindinta tas.

Pa Birema ɗan ƙaramin tsoho ne mai farar hula. Ya ce yana cikin waɗanda suka ƙetare a ranar, da uwarsa a bayansa, matarsa tana biye da jariri a ka cikin ƙwarya. Ya ce duk sa'ad da maƙiya suka yunƙuro bakin ruwa, sai bindigar rimin ta mayar da su. Ya ce yana jin mutumin yana ta ihu da wani harshe tsakanin harbi da harbi, bai san ko zagi ba ne ko kirari ko addu'a. Kashegari shi da mutum biyu suka lallaɓo suka dawo. Suka same shi a zaune tsakanin saiwoyi, an kwashe bindigarsa da takalmansa da rigarsa da duk abin da ke wuyansa. Tabon sujada da ke goshinsa ya nuna musu Musulmi ne. Da adda suka haƙa ramin. Suka naɗe shi da zanen saƙi, suka yi masa salla su uku, a gaggauce, suna jin harbi a nesa. Da zaman lafiya ya dawo suka dasa goron, domin a wajensu, in ji shi, da goro ake alamta abin da ba a so a manta.

Na duba kabarin. Yana kan alƙibla.

Na ce ya kwatanta mini fuskar mutumin. Ya buɗe yatsun hannayensa biyu ya ja su daga baki zuwa kunne. Na ce layi nawa? Ya ce, "Ɗana, muna jin bindiga. Wa ke ƙidaya a fuskar mamaci?" Na ce ko ya lura da wani abu dabam a cikinsu? Ya yi tunani mai tsawo, ya ce a'a.

A nan haƙurina ya ƙare. Na faɗa masa labarin Kaka da wanzami, na ja guntun layin a kuncina, na ce, "Haka take?"

Pa Birema ya dube ni. Sa'an nan ya yi magana, Hawa ta yi jinkiri kafin ta fassara. Ya ce, "Ka zo daga nesa. Wanda ke ƙarƙashin bishiyar nan shi ya ba ni shekarun da nake ci, shi ya ba jaririn nan da ke cikin ƙwarya 'ya'yan da ka gani suna wasa. Ba ni da abin da za ni biya shi. In kana so in ce e, za ni ce e, in kuma maimaita a gaban duk wanda ka kawo."

Ban taɓa ɗaga abu mai nauyin amsar da na ba shi ba. Na ce, "A'a, Baba. Abin da ka gani nake so."

Ya ce, "To, na ga mutum mai tsaga. Iyakar abin da na gani ke nan."

Na tambaye shi Bagobiri na biyu. Ya ce gawa ɗaya suka samu a gacin. Kogin ya tafi da wasu. Amma ya ƙara da cewa bayan an kwana biyu wasu masu haƙar lu'ulu'u sun ba da labarin wani dogo mai tsagaggiyar fuska, ba takalmi, ba ya magana da kowa, ya nufi wajen iyakar Gini. Shi bai gan shi ba, waɗanda suka faɗa kuma sun mutu ko sun watse. Na rubuta wannan a matsayin ji-ta-ji-ta, ba don na gaskata ba, sai don ba ni da ikon jefar da shi.

Ya sa aka ciro mini goro daga bishiyar, fari, aka naɗe shi da ɗanyen ganye. Duk tsawon hanyar dawowa ina yayyafa masa ruwa kafin in sha.

Ta Shinkafi na shigo, cikin ayarin motoci, kowa ya yi tsit yana kallon daji, domin yanzu namu dajin ma ya koyi ɓoye masu bindiga. Na sauka Isa na nemi yayan Labbo, Malam Arzika, wanda shi ma ya bar Turba. Na same shi a zaure yana tufka igiya. Da ya ji ko ni wane ne bai ce in zauna ba.

Ya ce, "Ka tahi har can don ka amshe muna shi, ka dawo?"

Na tsuguna na ba shi labarin daga farko har ƙarshe, na raba goron biyu na ajiye rabi a gabansa. Ya ɗauki ɗaya yana juyawa. Ya ce, "An yi mishi salla?"

Na ce an yi.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Labbo ya huta."

Na ce, "Baba, ban ce Labbo ne ba."

Ya ce, "Ba ka ce ba shi na ba." Ya ɓare goron ya sa a baki. Sai a lokacin ya ce a kawo mini ruwa.

Na isa Sabon Birni da la'asar. Kaka ta rame, idon ya ƙara rufewa. Ta shafa kaina ta ce, "Maigidana, an ce ka mutu, har na hwara duba wani." Na yi dariya don in rama, dariyar ba ta fito ba. Na zuba mata goron a zane, na faɗa mata duka: kogin, rimin, dariyar da Lamidi ya ji da ƙirjinsa, kabarin ƙarya, kabarin gaskiya, tayin da Pa Birema ya yi mini da amsar da na ba shi, har dogon mutumin da aka ce ya nufi Gini. Ban rage ba, ban ƙara ba.

Ta ce, "An yi mishi salla?"

Na ce, "An yi wa wanda ke cikin kabarin salla, Kaka."

Ta ce, "Ba ita nit tambaye ka ba."

Ta ɗauki goro ɗaya ta riƙe a tafin hannu, ba ta ɓare ba. Mata biyu na gidan suna zaune kusa suna tsince wake. Ta ce, kamar da kanta take magana, "Na ɗauki kunyar rabin tsagar nan shekara da shekaru. Na aza ko ran da za ta yi min amfani na tahe." Sa'an nan ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina, ta yi abin da ba ta yi ba tun ranar da aka raɗa wa mahaifina suna. Matan suka daina tsintar wake.

Ta ce, "Nomau na?"

Na buɗe baki. Na san kalma ɗaya ta ishe ta, na san kuma babu mai ƙaryata ni a duk faɗin Gobir. Amma in na ce shi ne, na mayar da Labbo cikin kogi ko cikin daji babu takalmi, alhali yayansa ya riga ya ci goron. In na ce ba shi ba ne, can na tura ubana. Na ce, "Ban sani ba, Kaka."

Ta ƙulle goron a gefen zanenta. Har ranar da nake wannan rubutu bai fita daga ƙullin ba, ya bushe ya yi ja, ba ta kuma sake ambaton sunan ba.

Ba ni da tabbacin cewa na kyauta mata. Na dai rubuta abin da na ji da abin da na gani, ko wani da ya tsaya a wancan gaci a wannan rana yana raye, zai karanta. Tambayar da na fita da ita ita na dawo da ita, sai dai ta zama biyu: tsakanin Nomau na Tsamaye da Labbo na Turba, wane ne ya koma gindin rimin, kuma ɗayan, ina yake?